Cututtukan Furannin Ado da Hanyoyin Shawo Kansu a Makarantunmu da Gidajenmu

(Jawabin da ɗaya daga cikin malaman firamare na wannan reshe ya gabatar a taron ƙarshen zangon karatu)



Ranar da sakatare ya sanar da ni cewa ni zan yi jawabin wannan zama, na ce masa a kan furanni zan yi magana, sai da ya dube ni sau biyu. Na san abin da ke ransa, domin shi ne a ran da yawa daga cikinku yanzu. Ga batun ƙarin girma da ya maƙale, ga kuɗin hutu, ga azuzuwan da iska ta yaye wa rufi, wa yake ta fure? Ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ni ma suna ci mini tuwo a ƙwarya. Sai dai da wuya ka shiga wata makaranta a wannan yanki ba ka tarar da 'yan kwamin furanni kewaye da sandar tuta ko a gaban ofishin shugaba ba. Daga aljihun malami aka sayi irin, da kawunan yaranmu aka ɗebo ruwan. Idan furen ya kamu da cuta, kuɗinmu da wahalar yaran ne suka tafi a banza. Idan kuma muka ruga kasuwa muka sayo maganin da ba mu sani ba, lafiyar yaran ce muka sa a caca. Wannan ya sa na ga maganar ta cancanci mu ba ta ɗan lokaci.

Darasin da na koya da kuka

Shekara biyu da kammala kwalejin ilimi, aka ɗora mini kula da lambun makarantar da nake koyarwa a lokacin. Ina cikin zafin ƙuruciya, na sayo irin ziniya da marigol, na samo dashen wardi guda shida, na cika kwamin da shuka har ba wurin sa ƙafa. Na tsara jadawalin ban ruwa, safe da lokacin tashi, kuma duk ajin da ya yi fashi sai ya sha horo. Damina ta kankama, watan Agusta ya zo da marka, amma jadawalina bai canja ba. Ko an kwana ana ruwa, yara sai sun sheƙa wa furannin bokiti-bokiti daga sama.

Ba a jima ba baƙaƙen tabo suka bayyana a ganyen wardin, ganyen ya yi rawaya ya fara zuba, ziniyar ma ta bi sahu. Ranar kasuwa na sayo wani magani a kwalba marar takarda, wanda mai shi ya rantse mini yana kashe kowace irin cuta. Na dama shi da ka, na sa yara biyu suka taya ni fesawa da tsakar rana. Kafin a tashi ɗaya yana amai, ɗayan yana riƙe da kai, sai a asibiti muka ƙare. Allah ya taƙaita, suka warke, amma ban manta fuskar mahaifiyar ɗayan ba har yau. Furannin kuwa sauran ganyen da ya rage musu ma sai ya ƙone.

Bayan mako guda wani malamin gona ya biyo ta makarantar. Ya tsuguna, ya cusa yatsa cikin ƙasar, ya juya ganye ya duba bayansa, sannan ya ce: "Malam, maganin ƙwari ka saya, alhali cutarka fumfuna ce. Kuma wanda ya gayyato fumfunar yana tsaye a gabana." Daga wannan rana na fara karatun abin da zan gaya muku yau, kuma dukkansa bai wuce wannan ba: mafi yawan cututtukan fure daga hannun mai kula da shi suke samun ƙofa, saboda haka a gane cutar tukuna, a gyara abin da ya jawo ta, guba kuwa ta zama ta ƙarshe.

Duwatsun murhu uku

Masana cututtukan tsirrai sun ce cuta ba ta tashi sai abu uku sun haɗu: ƙwayar cutar, da tsiron da take iya kamawa, da yanayin da ya dace da ita. Ku ɗauke su kamar duwatsun murhu. Idan ka janye ɗaya, tukunya ba ta zama. Ƙwayoyin cuta suna ko'ina, cikin iska da ƙasa da ruwa, ba mu da ikon ƙarar da su. Amma muna da iko a kan sauran duwatsun biyu, wato irin furen da muka zaɓa da kuma yanayin da muka ajiye shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Masu haddasa cutar kuwa kashi huɗu ne. Akwai fumfuna, dangin wadda ke fitowa a jikin tuwon da ya kwana biyu, kuma ita ce ke da alhakin mafi yawan cututtukan tsirrai. Akwai bakteriya. Akwai bairos. Akwai kuma wasu 'yan tsutsotsin ƙasa da ido ba ya gani, masu cin saiwa. Ƙwari irin su darɓa da farin ƙuda ba cuta ba ne su da kansu, sai dai su ne dillalanta, kamar yadda sauro yake ga zazzaɓin cizon sauro.

Cututtukan damina

Ta farko ita ce wadda ta kunyata ni, baƙin tabon wardi. Tabon zagayayye ne, bakinsa kamar an tsefe shi, yakan fara daga ganyen ƙasa ya hau sama, kewayensa ya yi rawaya, ganyen ya faɗi. Fumfunar tana bukatar ganye ya daɗe a jiƙe, wajen awa bakwai, kafin ta iya shiga jikinsa. Tana yaɗuwa ne ta fallatsin ruwa, kuma takan yi zamanta a cikin ganyen da ya zube har wata damina. Ziniya ma tana da nata tabon, ja-ja mai toka-toka a tsakiya, wanda har a jikin iri yake ɓuya. Shi ya sa bai kamata a ajiye iri daga tsiron da ya yi ciwo ba.

Maganin waɗannan yana cikin bayaninsu. A zuba ruwa a gindi, a bar ganye a bushe. A yi ban ruwa da safe domin rana ta busar da abin da ya fallatsa. A ba da tazara tsakanin shuka don iska ta ratsa. A tsince ganyen da ya kamu da wanda ya zube, a ƙone ko a binne da zurfi, kada a zuba shi cikin ramin taki. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindin shuka, ita za ta hana ruwan sama fallatso ƙasa zuwa ganye.

Ta biyu ita ce tsatsa. Za ku fi ganinta a itacen faranjifani, mai farin fure da rawaya a tsakiya, da kuma a kan kana, mai faɗin ganye kamar na ayaba. A bayan ganye take fitowa, ƙuraje-ƙuraje masu gari ruwan lemo. Ka goga farar takarda a wurin, idan ta ɗauko launi kamar na tsohon kwano, to ita ce. Ba kasafai take kashe babban itace ba, amma tana tuɓe shi tsirara kafin lokaci. Share ganyen da ya zube da rage cunkoson rassa su ne babban taimako.

Ta uku ita ce ruɓewar fure. Furen da ya gama kwanakinsa, idan aka bar shi a jikin uwa cikin marka, sai ya jiƙe ya yi laushi, wata fumfuna mai kama da gashi toka-toka ta rufe shi, daga nan ta tsallaka zuwa sabon toho. Wannan aikin 'yan aji huɗu ne: kowace safiya su zaga su tsinke furen da ya mutu. Ba ya cin ko sisi.

Cutar hunturu

Idan damina ta ɗauke, sanyi ya shigo, sai wata baƙuwa ta sauka, wato farar fumfuna. Za ka ga kamar an barbaɗa wa ganye garin rogo. Tana kama wardi da ziniya, kuma masu noman rani sun san danginta a jikin kuɓewa da kabewa, har da furen mangwaro. Ta bambanta da 'yan'uwanta domin ba ta bukatar ganye ya jiƙe. Abin da take so shi ne rana mai ɗumi, dare mai sanyi da raɓa, da inuwa, da cunkoso.

Mutane da yawa sukan ɗauke ta ƙurar hunturu ce, har sai ta gama ɓarna. Ga yadda ake rarrabewa. Ƙura ba ta zaɓe, kowane ganye a lambun takan rufe shi daidai, kuma idan ka wanke sai ka tarar da ganye lafiya lau. Fumfunar kuwa takan fara da 'yan zagaye nan da can, ta kama wani fure ta bar na kusa da shi, sabon toho ya nannaɗe, kuma ko ka goge za ta dawo. Yawan takin zamani, musamman yuriya, yana ƙara mata ƙarfi, domin yana fitar da toho mai taushi da yawa, abincin da ta fi so ke nan.

A cire rassan da suka fi kamuwa, a matsar da tukwane zuwa inda rana ke samunsu. Farar wuta, wadda ake sayarwa a shagunan kayan gona don fesawa, tsohon magani ce gare ta, sai dai kada a fesa ta cikin zafin rana, domin idan zafi ya haura digiri 32 tana ƙona ganye. Akwai kuma hanya mai sauƙi wadda wani bincike da aka yi a Brazil aka wallafa a 1999 ya gwada a kan dangin kabewa: madarar shanu kashi ɗaya, ruwa kashi tara, a riƙa fesawa a kai a kai tun cutar tana farawa. Na jarraba a kan ziniya, ta rage ɓarnar ƙwarai, kuma ba ta da haɗari ga yara.

Cututtukan da ke ƙarƙashin ƙasa

Waɗannan su suka fi yaudara, domin abin da ido ke gani a sama yanƙwanewa ce, mu kuwa da mun ga fure ya yi yaushi sai mu ce ƙishirwa. Mu ƙara ruwa, mu ƙarasa shi. Ruɓewar saiwa tana faruwa ne idan ruwa ya kwanta a gindi, saiwa ta rasa iska, fumfunar ƙasa ta far mata. Idan ka tuge tsiron za ka ga saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi, wani lokaci har da wari, alhali lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙwari. Ƙariya, wadda Allah ya halitta don fako da duwatsu, ita ce ta fi saurin mutuwa ta wannan hanya idan aka sa ta a tukunya aka cika ta da gata. Ferwinkil ma, duk da juriyarta ga fari, marka kan kwantar da ita.

Ƙa'idar ita ce ta yatsa. Cusa yatsanka cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu. In ka ji damshi, mayar da bokitin. Duk abin da za a shuka fure a ciki, gwangwani ne ko tsohon bokiti ko tukunyar ƙasa, a huda ƙasansa. Ni nakan haɗa ƙasa kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Inda ƙasa take da laka, a ɗaga kwami sama da fili kamar kunyar dankali.

A wurin renon iri kuma akwai abin da kan sa ka kwanta da 'yan tsirrai ɗari ka wayi gari rabinsu sun kife, gindinsu ya tsuke ya yi baƙi daidai inda ya taɓa ƙasa. Cunkoson iri da yawan ruwa da tsohuwar ƙasa su ke kawo shi. Wanda ya kife ba ya tashi. A yafa iri da tazara, a yi amfani da sabuwar ƙasa mai yashi, a rage ruwa.

Akwai kuma yaushin da cuta ce ta toshe hanyoyin ruwa a cikin kara. Wani lokaci ɓangare ɗaya na tsiron ne zai yi rawaya ya bar ɗayan. Idan ka yanke karan ka ga launin ƙasa-ƙasa a ciki, fumfuna ce ta shiga ta saiwa. Idan kana zargin bakteriya, ga gwajin da ya dace da darasin kimiyya: yanke karan kusa da gindi, ka tsoma bakin yankan cikin ruwa mai tsabta a kofin gilashi, kada ka motsa. Bayan 'yan mintuna, in bakteriya ce, za ka ga wani farin abu yana sauka kamar zaren hayaƙi. Duka biyun ba su da magani. A tuge, a ƙone, kada a sake shuka irin wannan furen a wurin sai an daɗe.

Sai tsutsar saiwa. Furen zai tsumbure, ya yi yaushi da rana ya farfaɗo da yamma, taki kuma ba ya yi masa amfani. Da ka tuge za ka ga saiwar ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi. Kada a rikita su da 'yan ƙwayoyin da ke jikin saiwar gyaɗa da wake, waɗanda su alheri ne, kuma da ka murza suke faɗuwa. Na tsutsa kumburin saiwar ne kanta, ba ya ɓamɓaruwa. Ƙasa mai yashi da wurin da aka daɗe ana tumatir ko kuɓewa sun fi tara ta. Abu biyu ke rage ta. Na farko, a cika kwamin da marigol zalla har wata biyu zuwa uku, domin saiwarsa tana fitar da sinadarin da ke cutar da tsutsar. Na biyu, a yi amfani da zafin bazara: a kafce ƙasa, a jiƙa ta, a rufe da farar leda mai shara-shara, a binne bakinta, a bar ta mako huɗu zuwa shida a watan Maris da Afrilu. Zafin da zai taru ƙarƙashin ledar yana kashe tsutsa da fumfuna da 'ya'yan ciyawa masu yawa. Ranar da muke kuka da ita a aji, ga inda take mana aiki kyauta.

Bairos da dillalanta

Idan ka ga ganye ya yi dabbare-dabbare, kore da rawaya, ya motse, tsiron ya ƙi girma, to a yi zargin bairos. Dattawan da ke zaune a nan ba su manta 1975 ba, shekarar da kuturun gyaɗa ya cinye gonakin Arewa. Bairos ce, kuma darɓa ce ta yi ta jigilarta daga gona zuwa gona. Danginta ne ke kama furanni. Wani abin mamaki, a ƙasar Holan an taɓa yin zamanin da furen tulif mai zane-zane ya yi tsadar da ta wuce hankali, har kasuwarsa ta rushe a 1637. Sai bayan kusan shekara ɗari uku masana suka gano cewa zanen da ake rububi a kansa alamar bairos ce da darɓa ke yaɗawa. Ashe cuta attajiran suke saye.

Bairos ba ta da magani ko kaɗan, duk wanda ya ce zai sayar maka da shi kuɗinka yake so. A tuge tsiron, komai kyansa, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari. Kada a yanki dashe daga jikinsa. Wuƙa ko almakashin da aka yi aski da shi a tsoma cikin ruwan bilic kashi ɗaya da ruwa kashi tara kafin a taɓa wani tsiron.

Dillalan kuma a sa musu ido. Darɓa tana taruwa a kan toho. Farin ƙuda yana ɓuya a bayan ganye, da ka girgiza ya tashi. Akwai wani ƙwaro mai kama da ɓarɓashin auduga da ke addabar haibiskas, wato furen nan ɗan'uwan yakuwa da rama. Dukkansu suna tsotse ruwan tsiro su fitar da wani abu mai danƙo da zaƙi, a kansa ne baƙar fumfuna mai kama da kunkunniya take fitowa. Wannan baƙin a saman ganye kawai yake, da an kori ƙwarin an wanke, shi ke nan. Idan ka ga tururuwa na safa da marwa a jikin fure, bi sawunta, za ta kai ka inda suke, domin zaƙin take bi. Ɗan ƙwaron nan kuwa ja mai ɗigon baƙi, a gaya wa yara su bar shi, darɓa ce abincinsa.

Abin da ba cuta ba

Ba kowane rawayan ganye ne cuta ba. Idan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka fara yin rawaya gaba ɗaya, yawanci yunwar taki ce. Idan sabon ganye ne ya yi fari-fari alhali jijiyoyinsa na nan kore, kamar yadda muke yawan gani a jikin iksora, to sinadarin ƙarfe ne ya gagari saiwa saboda ƙasar ta yi kanwa-kanwa. Zuba toka a gindin irin wannan fure ƙara masa ciwo ne, ruɓaɓɓen ganye yake so. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Ruwan wanki mai sabulun gari, wanda iyalanmu kan juye a gindin fure don tattali, yana tara gishiri a ƙasa har bakin ganye ya bushe. Duk waɗannan ba su bukatar feshi.

Idan feshi ya zama dole

A fara da abin da ke tsakar gida. Ga darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, a kusan kowace makaranta. A tara busassun 'ya'yanta, a ɓare, a daka ƙwayar kamar rabin kilo, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a ƙara ɗan sabulun wanka don ya kama ganye, a fesa da yamma sama da bayan ganye, a maimaita bayan mako. A yi amfani da shi a ranar da aka tace, domin rana tana karya ƙarfinsa. Gaskiyar magana, ya fi aiki a kan ƙwari fiye da fumfuna, amma wanda ya kori dillali ya rage ciniki.

Idan abin ya fi ƙarfin wannan, akwai magungunan fumfuna na shago, irin su mankozeb da masu sinadarin jan ƙarfe. Na jan ƙarfen tarihinsu yana da daɗi. A 1882 wani farfesa a jami'ar Bodo ta Faransa, mai suna Millardet, ya lura cewa inabin bakin hanya, wanda manoma suka yayyafa wa haɗin jan ƙarfe da farar ƙasa don ɓarayi su ji ƙyama, shi ne ya tsira daga cutar da ta kakkaɓe ganyen sauran. Ya yi gwaje-gwaje, ya bayyana haɗin a 1885, kuma har yau ana amfani da shi. Ku lura, lura ce ta haifi maganin. Sai dai ku sani, waɗannan magunguna garkuwa ne ga lafiyayyen ganye. Wanda ya riga ya yi tabo ba zai koma kore ba.

A nan nake roƙonku da babbar murya. Kada a sayi magani marar takarda da lambar NAFDAC. A karanta umarnin, a auna yadda aka ce, ba da ka ba. Fiya-fiya ba ta kashe fumfuna, amma tana iya kashe yaro. Kada ɗalibi ya dama, ko ya ɗauki abin feshi, ko ya tsaya kusa. A yi feshi ranar Juma'a bayan an tashi ko lokacin hutu, da yamma, ba cikin iska ba, da takunkumi da safar hannu. Kwalbar da ta ƙare a huda ta a binne, kada ta koma gorar ruwan wani yaro. Maganin da ya rage a kulle shi, ba a kabad ɗin aji ba.

Wasu furannin ma kansu guba ne. Oliyanda, mai dogon siririn ganye da fure ruwan hoda, daga saiwa har fure tana da dafi, har hayaƙinta, saboda haka ganyenta binnewa ake yi, ba ƙonawa ba. Ruwan jikin ƙariya kuwa da shi ake haɗa dafin kibiya a wasu sassan Afirka. Kada a dasa su a gaban ajin ƙananan yara.

Roƙona ga reshe

Ina da shawarwari huɗu, kuma babu wadda ke jiran kasafin gwamnati. Na ɗaya, reshe ya tsayar da doka ga dukkan 'ya'yansa cewa ba ɗalibin da zai taɓa maganin feshi a makaranta. Na biyu, kowace makaranta ta ajiye littafin lambu, inda yara za su riƙa rubuta abin da suka gani da ranar da suka gan shi, su zana ganyen. Cikin shekara biyu za ku san watan da kowace cuta ke zuwa, ku tare ta tun daga ƙofa, ga kuma darasin kimiyya da rubutu da zane a faifai ɗaya. Na uku, sau ɗaya a shekara, kafin faɗuwar damina, mu gayyato malamin gona ya zauna da masu kula da lambuna. Abin da ya gagare shi, akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa mai hedikwata a Ibadan da reshe a Bagauda. Na huɗu, mu riƙa musayar lafiyayyen dashe a tsakaninmu, kuma duk sabon tsiron da ya shigo a keɓe shi gefe mako biyu a ga halinsa. Wanda furen waje ya yi ta ba shi wahala, ya koma ga masu jure ƙasarmu, irin su boganbiliya da lalle. Shingen lalle idan ya yi fure, ƙamshinsa ba ya jin kunyar na wardi.

'Yan'uwa, mu malaman firamare mun riga mun iya wannan aiki, ba mu dai sani ba. Yaron da ya kifa kai a kan benci, malamin kirki ba ya fara ɗaukar bulala. Yakan tambaya tukuna: yunwa ce, zazzaɓi ne, ko wani abu ya faru a gida? Haka fure yake. Kafin ka taɓa aljihu, tsuguna, juya ganyen, cusa yatsa cikin ƙasa. Ni sai da yara biyu suka kwanta a gadon asibiti na koyi wannan, ba na fatan ɗayanku ya biya irin kuɗin makarantar da na biya.

 Wanda ke da fure marar lafiya ya kawo mini ganyensa a taro mai zuwa, a cikin leda a ɗaure, mu duba tare. Allah ya albarkaci aikinmu, ya raya mana yaranmu.